Baiwar Allah ta ƙi fita a hoto: gilashin ne, ko hannuna?

Telan Tudun Wada ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ni tela ne a Zariya, hoto ba sana'ata ba ce, don haka a yi mini uzuri idan na kira abu da sunan da ba nasa ba.

Bara na sayi kyamara ta hannu, Nikon D3200, don ɗaukar ɗinkunan da na gama in sa a Instagram, saboda waya tana cinye kalar shadda. Ta zo da ƙaramin gilashinta na 18-55, kuma wajen kaya ba ni da ƙorafi. Riga ba ta motsi. Ka rataye ta, ka ɗauka, ka wuce.

Tsakar gidanmu ce ta jawo mini wannan wahala. Akwai famfo mai ɗiga a gindin zogale, nan ne kuma uwargida take watsa wa kaji tsaki. Kullum idan na dawo masallaci na zauna shan koko, sai baiwar Allah su sauko, shida ko takwas, wani lokaci har da asisi guda biyu. Tun ina yaro nake ganinsu. Kakarmu ma takan hana mu harbinsu da danƙo, ta ce ku je ku nemi kurciya, wannan ba a taɓa ta. Amma ban taɓa tsayawa na dube su da kyau ba sai wata safiya da namijin ya sauka a bakin turmi, taku uku daga inda nake, rana ta doke shi. Ashe jan nan ba iri ɗaya ba ne, na ƙirji daban, na gadon baya ya sirka da ruwan ƙasa. A gefen ƙirjin akwai ɗige-ɗige farare kamar an tsattsaga da bakin allura, idon kuma an zagaye shi da siririn zare rawaya. Ni da nake wuni cikin zare da kala, na ce wallahi sai na ɗauki wannan aiki.

Da ƙaramin gilashin, tsuntsun yana fitowa kamar ƙwayar barkono a tsakiyar tabarma. Sai na ba da saƙo aka sayo mini gilashin 70-300 na hannu, mai jawo abin da ke nesa, daga Kano. Mai kayan ya gwada shi a tasa kyamarar, ya turo mini bidiyo, yana yin fokas da kansa har ana jin ƙararsa. Da ya zo hannuna na ɗaura, na danna maɓalli rabi, shiru. Sai dai in riƙa murɗa zoben da hannu. Kafin in murɗa in daidaita, baiwar Allah ta yi tsalle uku ta koma bayan randa.

Mako uku ke nan. Na duba memori jiya, hoto ya haura 600. Bangon gidanmu ya fito tas, har tsagar siminti ana gani. Turmi ya fito, ƙafar kaza ta fito. Tsuntsun kuwa ko dishi-dishi, ko jela kaɗai, ko ya zama wani dunƙule mai duhu kamar goron da aka tauna aka yar.

To gilashin nan lalatacce aka sayar mini? Kuma in haƙura in tara kuɗi in sayi dogon nan na 500 ko 600 da nake gani a hannun masu ɗaukar ƙwallo? Sannan akwai wani ɗan tsuntsu baƙi wuluk, girmansa kamar na baiwar Allah, baki fari, ƙafafu ja, yana zama kan wayar lantarki saman gidan yana ta rera waƙa da rana tsaka. Waye shi?

Mai Hoton Biki ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malam. Kwantar da hankalinka, gilashinka lafiyarsa ƙalau, kuma mai kayan bai yi maka ƙarya ba, sai dai bai tambaye ka kyamarar da kake da ita ba. Duba jikin gilashin. In AF kawai aka rubuta, babu S a gaba, to ba shi da injin fokas a cikinsa, kyamara ce take juya shi. Irin D90 da D7000 suna da wannan injin a jikinsu, D3200 ba ta da shi. Shi ya sa ya yi ƙara a Kano ya yi shiru a Zariya. In wata rana za ka canza, nemi mai rubutun AF-S, kamar 55-300. Kada wani ya lallaɓe ka da AF-P don ya fi sabunta, shi ma ba ya tafiya da D3200.

Kafin nan ga abin da nake zargi. Kana ɗauka a kan koren Auto, ko? Da sassafe, a inuwar katanga, kyamarar za ta zaɓi saurin ƙiftawa kamar 1/60. Ga amarya da ke tsaye wannan ya isa. Ga gilashi a 300 a hannu, ba tare da abin hana rawa ba, ko dutse ka ɗauka sai ya yi dishi-dishi, balle abin da ba ya iya tsayawa daƙiƙa guda. Juya tayar sama zuwa M, inda kai ne za ka zaɓi saiti da kanka, ka sa 1/1000, ƙofar haske f/8, ka shiga menu ka bar ISO, wato ƙarfin da kyamara ke karɓar haske da shi, ya riƙa zaɓar kansa har zuwa 1600, in ta kama 3200. Hoton zai ɗan yi tsaki-tsaki, amma gara tsaki da hazo. Ka kuma sa ta a ɗauka a jere, tana yin huɗu a daƙiƙa, ɗaya a ciki zai dace da lokacin da ya ɗago kai.

Abu biyu da mutane ke mantawa. A gefen tagar da kake leƙawa akwai wata 'yar taya, ita ce ke daidaita tagar da ƙarfin idonka. Murɗa ta har lambobin da ke ƙasa su fito rangaɗaɗau, musamman in ka fara sa tabarau wajen zura allura. Sannan in kana murɗa fokas da hannu, akwai ɗigo kore a ƙasan tagar ta hagu, yana kamawa idan abin da ke kan ɗigon tsakiya ya daidaita.

Maganar 600 kuwa, bar kuɗinka a aljihu tukuna. Baiwar Allah tsawonta kamar santimita 10 ne. Da gilashinka a 300, daga mita 3, za ta cinye kusan rabin faɗin hoton. Mai 600 da ke tsaye a mita 10 bai samu haka ba, kusan rabin naka zai samu, ga ƙurar hunturu tsakaninsa da ita. Matsalar kusa ɗaya ce: a mita 3 da f/8, wurin da ke fita tas bai wuce faɗin yatsu biyu ba. Gaba kaɗan ko baya kaɗan, ka tashi a tutar babu. Yadda za ka sa tsuntsu ya tsaya cikin yatsu biyun nan, wannan kuma ba fannina ba ne, ni amare nake cewa su matso.

'Yar Filato ta rubuta:

Malam Tela, sannu da ƙoƙari, kwatancenka na zaren ido ya burge ni. Bari in fara da baƙin nan na kan waya, don labarinsa a cikin gidanka yake.

Ɗan'uwan zalaidu ne, masana suna kiransa Vidua chalybeata. In rana ta doke shi da kyau za ka ga baƙin yana sheƙi kamar rawani ɗan Kura. Ba ya yin sheƙa. Macensa, wadda take da ruwan ƙasa da zane-zane kamar gwara, tana bin baiwar Allah har ta gano inda sheƙarta take, ta saka ƙwanta a ciki ta tafi. Baiwar Allah ce za ta kwanta, ta ƙyanƙyashe, ta ciyar. Ɗan baƙon ba ya ture 'ya'yan gida, tare suke tashi, kuma cikin bakinsa yana da irin alamomin da ke bakin 'ya'yanta, don haka in ya buɗe baki ba ta bambance shi. Namijin yana koyon kukan wadda ta raine shi, ya sa shi cikin waƙarsa. Gobe ka saurara: tsakanin ƙarar nan tasa mai kama da karce-karce, za ka ji siririn kukan baiwar Allah. Ganinsa a saman gidanka alama ce cewa akwai sheƙa kusa, a jinkar rumfa ko ramin katanga. Kuma ka yi sauri da shi, baƙin kayan nan na lokacin aure ne, in rani ya yi nisa zai tuɓe ya koma kamar macen.

Mu nan Jos muna da wata baiwar Allah ta kan duwatsu, bakinta toka-toka mai shuɗi maimakon ja, wadda sai a 1998 aka bayyana ta a matsayin nau'i na daban. Ita ma tana da nata baƙin da ke saka mata ƙwai. Mutane suna zuwa daga ƙasashen waje dajin Amurum da ke Laminga, inda cibiyar nazarin tsuntsaye ta A.P. Leventis take, don su gan ta kawai. Na sha zama da su tun asuba, da gilasan da suka kai kuɗin mota, kuma abin da suke yi bai wuce abin da zan gaya maka ba: su nemi inda take shan ruwa, su zauna.

Ka daina bin tsuntsu da kyamara. Ka zaɓa masa wurin sauka. Ka ajiye ruwa a fili inda ranar safe ke fara bugawa, ka kafa ɗan busasshen reshe a gefensa, sama da ruwan kamar taƙi ɗaya. Yawancinsu sai sun tsaya a kan reshe sun duba hagu da dama kafin su sauka, wannan tsayawar ita ce hotonka. Ka yi fokas a kan reshen tun kafin su zo, ka bar zoben. Ka ga rashin injin bai dame ka ba ke nan. Rana ta kasance a bayanka, ka zauna ƙasa yadda gilashin zai yi daidai da tsayin tsuntsun, kuma bango ya yi nisa a bayan reshen, in ba haka ba tsagar simintin nan za ta sake fitowa.

Tunda kana da zogale, ka sa ido a furensa, sha-kauci na zuwa. Daga Oktoba zuwa Maris kuma akwai wasu 'yan ƙanana masu ruwan ganye da toka da suke tsallako Sahara daga Turai, wasu nauyinsu bai kai giram 10 ba. In ka ɗauki wanda ba ka sani ba, ko da dishi-dishi ne, kada ka goge, sa mana a nan.

Roƙona ɗaya: in ka gano sheƙar, ka bar ta. Kada a buɗe ta don hoto, kada a nuna wa yara.

Tsohon Mai Kanari ya rubuta:

Yaro, duk lissafin da suka yi maka daidai ne, ni ban san lamba ko ɗaya a ciki ba. Amma na yi shekara fiye da talatin ina kiwon kanari a Haɗeja kafin ido ya gaza, kuma kafin ka sa kanari a keji sai ka san yadda ake zama kusa da shi.

Masu cin tsaba ba sa wuni ba su sha ruwa ba. Da hantsi suna zuwa, da la'asar sakaliya suna dawowa. Ruwan kada ya wuce gaɓar yatsa ɗaya, ka zuba tsakuwa a ciki, don ƙaramin tsuntsu ba ya shiga abin da bai ga ƙasansa ba. Ka huda gwangwani da ƙusa ƙarama ka rataye a sama ya riƙa ɗiga, ƙarar ɗigon nan ita ke kiransu, shi ya sa suka fi son famfonka da randa. Kada ka ajiye a tsakiyar fili fetal, a bar musu wata 'yar duhuwa kusa da za su faɗa in shaho ya gilma, amma ba wadda mage za ta laɓe a ciki ba.

Kai kuma ka cire farar riga. Ka zauna wuri ɗaya, da kaya iri ɗaya, lokaci ɗaya, kwana da kwanaki, har su ɗauke ka kamar turmi. Ba ka lura uwargidanka tana tankaɗe suna yawo a ƙafarta ba? Don ba ta kallonsu ne. Tsuntsu ya san ido. Kyamara kuma ta kasance tana fuskarka tun kafin su zo, ɗaga ta ne ke korarsu.

In ka gaji da jira, ka ɗauki kukansu a waya ka kunna, za su zo. Mu da kanarin keji muke kiran na daji.

In kuma abin ya kai ka ga fita bayan gari, ka fara gaida mai unguwa ka faɗa masa abin da ya kawo ka. Zamanin nan mutum da dogon ƙarfe a kafaɗa a bakin daji, ba kowa zai tsaya ya tambaye shi ba. Kada ka nufi rafin da mata ke wanki, kada ka ɗaga ta kusa da shingen jami'an tsaro. Kuma in ka zo wajenmu kada ka yabi jan-baki a gaban manomin shinkafa.

'Yar Filato ta rubuta:

Baba, Allah ya ƙara girma, maganar gwangwanin nan ni ma na ƙaru. A kan kunna waya ne kawai zan ɗan saɓa maka. Namiji yana zuwa ne don yana zaton wani ya shigo masa gida, sai ya bar ci da ciyarwa ya tsaya neman abokin faɗa da babu shi. Tunda da alama suna da ƙwai ko 'ya'ya a gidan, gara a bar su da ruwan kawai. Malam Tela, a riƙa zubar da ruwan ana wanke mazubin kullum, saboda cuta da sauro.

Tsohon Mai Kanari ya rubuta:

To 'yata, na ji. Mu da muke kira don mu kama, ba mu taɓa tambayar abin da ya baro a gida ba.

Telan Tudun Wada ya rubuta:

Jama'a na dawo, kwana goma sha ɗaya ke nan. Allah ya saka wa kowa da alheri. Mai Hoton Biki, ka canka, AF ne kawai a jiki, kuma 'yar tayar nan ta gefen taga a karkace take tun ranar da na sayi kyamarar. Wato shekara guda ina ɗaukar riguna da idon wani.

Ga yadda na yi. Na karɓi wani tsohon kasko a wajen uwargida, na zuba tsakuwa, na kafa reshen tsamiya a cikin gwangwanin madara da na cika da yashi. Na sa tef ɗin awona na auna mita 3 daga reshen zuwa ƙofar ɗakin girki, na saki asabari, na yanke 'yar kafa daidai bakin gilashi. Ba ni da sandar nan mai ƙafa uku, sai na ɗinka ɗan buhu na cusa masa ƙyallayen shago, na ɗora a kan kujerar tsuguno, kyamarar ta kwanta a kai ba ta ko motsi. Wajen fokas kuma na ɗora kwarkwaron jan zare a kan reshen, na murɗa har ɗigon kore ya kama kuma ina ganin silin zaren ɗaya-ɗaya, sannan na ɗauke shi.

Kwana uku na farko kaji na yi wa hidima, da wani jan gwada da ya mai da reshen nasa. Dole na ɗora kaskon a kan bulo biyu, aka kuma riƙa tsare kajin a akurki sai ƙarfe tara. Rana ta huɗu gwara suka zo. Ta biyar koje ya shiga ya yi wanka ya watsar da rabin ruwan, na samu hotonsa amma kamar an jiƙa tsumma. Na kuma gane cewa zaman ƙarfe shida da rabi ɓata lokaci ne, rana ba ta tsallako katangarmu sai wajen takwas saura, kafin nan ISO yana can sama, jan yana fitowa kamar an wanke shi da ruwan kanwa.

Macen ce ta fara yarda, ranar ta shida. Namijin sai da ya kai ta tara. Ya sauka a kan reshen, amma can ƙarshe, ba inda na ɗora kwarkwaro ba. Na riƙe numfashi, yatsana a kan maɓalli, ƙafata ta dama ta mutu murus, hayaƙin ɗumamen tuwo yana shiga mini ido. Sai ya yi tsalle biyu a gicciye ya zo daidai wurin, ya juyo. Na danna ban saki ba. A cikin sha ɗaya da ta ɗauka, biyu sun fita, ɗaya kuma har ɗigon rana ana gani a ƙwayar idonsa, ga zaren rawayan nan, ga farin ɗige-ɗigen, na ƙirga bakwai a gefen da ke fuskantata. Na kai shago na nuna wa yarana, ɗaya ya ce Oga ai wannan daga intanet ka sauke. Ranar na makara har wata mai anko ta zo ta tarar da shago a rufe, na sha faɗa.

Asisi har yanzu sun ƙi reshen, kai tsaye suke sauka bakin kaskon ta ɓangaren da ba na gani. Amma shekaranjiya na ga namijin, mai jan tabon nan a kumatu, ya riƙe zaren ciyawa a baki yana ta dira sama da ƙasa a gaban macen a kan igiyar shanya. Kyamara tana kallon reshe, ni ina kallonsu ta tsagar asabari, ban ko motsa ba.

Hajiya 'Yar Filato, sheƙar tana nan a jinkar rumfar awaki, na ga macen tana shiga da gashin kaza a baki. Ban faɗa wa yara ba. Na kuma saurari baƙin, kuma lallai akwai kukan baiwar Allah a ciki, sai da tsigar jikina ta tashi. Shi ne yanzu ya gagare ni: yana kan waya, bayansa farin sama na hunturu, duk hoton da na ɗauka sai ya fito kamar an yanka baƙin ƙyalle an manna, babu ido babu sheƙi. Ruwan kuma bai sauko ya sha ba ko sau ɗaya a gabana. In hau soro in yi daidai da shi, ko akwai abin da zan murɗa?

Mai Hoton Biki ya rubuta:

Farin saman ne ke ruɗin kyamarar, irin abin da ke faruwa da ango mai baƙar fata a cikin farar shadda. Kashe ISO mai zaɓar kansa, ka sa shi da hannu, ka riƙa ƙarawa har tsuntsun ya fito, sama ta ƙone in ta ga dama. In za ka hau soro ka hau da la'asar rana tana bayanka, kuma ka fara sanar da maƙwabta su san abin da kake nufa da gilashin. Sa mana hoton namijin nan mu gani.